Uwar Ruwaye: Abin da Sunan Binuwai Yake Ɗauke da Shi

Daga tsaunukan da ke arewa da Ngaundare har zuwa Lokoja, inda yake zuba cikin Kwara, kogin Binuwai yana cin tafiyar kilomita kusan 1,400. Ya ratsa Kamaru, ya ratsa Najeriya, ya shayar da Fulani da Batawa da Jukunawa da Tibi, da Hausawan da fatauci ko kamun kifi ya zaunar a gaɓarsa. Sunansa kuwa ya daɗe da fitowa daga ruwa ya hau takarda. Gundumar mulkin da Garwa take cibiyarta, Binuwai ake ce mata. Gandun namun dajin da ke kan hanyar Ngaundare, wanda aka ɗaga darajarsa a 1968, Binuwai ne. A Najeriya ma akwai jiha sukutum mai wannan suna tun 1976. Duk da haka, in ka tsayar da mutum a kan gadar Garwa ka tambaye shi ma'anar kalmar, ko daga bakin wace al'umma ta fito, da wuya ka sami amsa.

Aikina gabatar da shirye-shirye ne a rediyo, don haka da wuya rana ta wuce wannan suna bai bi ta bakina ba: a labaran damina, a farashin kifi, a sanarwar wanda ruwa ya ci. Wanda kuwa magana ce sana'arsa, ya kamata ya san nauyin abin da yake furtawa. Abin da nake so mu duba tare, mai karatu, shi ne yadda sunayen ruwa suke daɗewa fiye da daulolin da suka mallaki ruwan, fiye ma da imanin da ya raine su. Sarauta takan sauya, addini ya sauya, harshen kasuwa ya sauya, amma sunan kogi yana nan daram, kuma sau da yawa shi ne shaidar da ta rage ta waɗanda suka riga mu zama a wurin.

Abin da Abdulkarim ya ji a bakin kogi

Turawa sun ga ƙarshen wannan kogi kafin su san sunansa. A 1830, lokacin da 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka gangara Kwara a kwalekwale, sun wuce mahaɗar wani babban ruwa da ke shigowa daga gabas. Sunan da ya shiga taswirar Turawa shi ne Cadda, kuma an daɗe ana zaton daga Tafkin Cadi yake fitowa. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a zaton, domin a shekarar da ruwa ya yi yawa, ambaliyar kogin Logon takan malalo ta fadamun ƙasar Tupuri ta faɗa Mayo Kebbi, shi kuma ya kawo ta Binuwai, gabas da Garwa kaɗan. Amma tushen kogin yana can tuddan Adamawa.

Ranar 18 ga Yuni 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso Tepe, inda Faro yake haɗuwa da Binuwai, yamma da Garwa, kusa da inda iyakar Kamaru da Najeriya ta ratsa a yau. Daga Kukawa ya taso, Yola ya nufa. A Yola bai ji da daɗi ba, don Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama bai saki jiki da baƙon da ya zo cikin rakiyar mutanen Barno ba, bayan 'yan kwanaki ya sallame shi. Sai dai Barth mutum ne mai kunne. Yana jin Larabci da Hausa da Barbarci, kuma duk inda ya sauka sai ya tambayi sunan abu da ma'anarsa. Abin da ya rubuta a kan kogin shi ne, sunan na harshen Bata ne: kashin farko, be, ruwa ke nan; na biyu, nuwe, uwa. Wato Uwar Ruwa, ko Uwar Ruwaye. Har ya lura cewa a asalinsa sunan na mace ne. Bayan shekara uku, a 1854, Dakta William Baikie ya hauro kogin a jirgin ruwa mai suna Pleiad, tare da Samuel Ajayi Crowther, aka tabbatar Cadda da Binuwai ruwa ɗaya ne. Daga nan sunan Batawa ya ture wancan daga taswira.

To su wane ne Batawa? Kafin tutar Shehu Usmanu ta iso hannun Modibbo Adama a 1809, galibin kwarin kogin daga wajen Garwa zuwa Numan ƙasarsu ce, suna noma suna kamun kifi, Fali kuma suna ta wajen duwatsun da ke arewa da garin. Harshen Bata ɗan dangin harsunan Cadi ne, kamar Hausa da Kotoko da Musgum, wato ɗan uwanmu ne na nesa. Da jihadi ya zo, zama ya sauya. Wasu suka miƙa wuya suka saje da masu mulki, wasu suka gangara yamma. Dalilin da ya sa muke da Demsa biyu ke nan: ɗaya nan kusa da mu, wadda Gashiga take cibiyarta, ɗaya kuma a Jihar Adamawa kusa da Numan, inda Hama Bata, sarkin Batawa, yake zaune har yau.

Garwa ta Fulani kuwa, Modibbo Haman Njundi ne ya kafa ta a rabin farko na ƙarni na 19. Fatake suka biyo baya, kowa ya yi unguwarsa: Fulɓere ta Fulani, Kolere ta Barebari, Hausare ta Hausawa. Kunnen Bahaushe yana jin sunan garin sai ya ce "ga ruwa", har a yi raha a ce garin 'yan garuwa ne. Raha ce mai daɗi, amma masu bin diddigin tarihin garin sun fi karkata ga cewa shi ma daga bakin Batawa ya fito. Mai son tarihin kafuwar garin daga bakin dattawa, akwai littafin da Modibbo Ahmadu Basoro da Eldridge Mohammadou suka fitar a 1980.

Jamusawa suka ci garin a 1901. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace shi daga hannunsu. Faransa ta riƙe har 1960, sannan ɗan garin, Ahmadu Ahijo, ya zama shugaban ƙasa na farko. Kowane mai mulki ya zo da tutarsa da kuɗinsa da harshen kotunsa, amma babu wanda ya fassara sunan kogin. Bafulatani ya ɗora masa mayo a gaba, Bafaranshe ya rubuta Bénoué, Baturen Ingila ya rubuta Benue, mu muka ce Binuwai. Duk mun lanƙwasa shi yadda harshenmu zai iya, amma kalmar Batawa ce muke ta maimaitawa.

Uwa, iska da gajimare

Me ya sa uwa? Bahaushe ba zai sha wuyar ganewa ba. Muna da uwar kuɗi, wadda riba take fitowa daga gare ta. Muna da uwar garke, uwar ɗaki, uwar jiki. Duk abin da ya fi girma, sauran suka rataya da shi, uwa ne. Mayo Rey da Mayo Kebbi da Faro, can gaba kuma Gongola da Taraba da Donga da Katsina Ala, duk cikin Binuwai suke ƙarewa. Saboda haka sunan siffa ce ta gaskiya, irin wadda masunci zai bayar.

Amma a bakin mutanen da, tsakanin siffanta ruwa da ba shi rai babu nisa. Har gobe muna cewa ruwa ya ci mutum, kogi ya kawo, kogi ya janye. In ruwan sama ya rusa gidaje, dattijo ba ya cewa ya yi ɓarna, sai ya ce ruwa ya yi gyara. Ladabi ne ga rahamar Allah, amma kuma irin lafazin da ake yi wa babba ne, wanda ba a faɗin laifinsa a gabansa.

Harshenmu cike yake da kalmomin da suka taɓa zama sunan abin tsoro. Iska ita ce wadda take kaɗawa, ita ce kuma wadda take hawa kan ɗan bori. Inna uwa ce, kuma sunan babbar iskar da Maguzawa suke kira Uwar Gona ne. Sarkin Rafi sarauta ce a fadojin ƙasar Hausa, kuma sunan wata iska ce mai zafin rai da 'yan bori suke dangantawa da rafi da fadama. Dodon da ake tsoratar da yara da shi ya ƙare a dodon kunne da dodon koɗi.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce gajimare. Baturen nan Tremearne, a littafinsa na 1914 kan bori, da Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano ya fitar da nasa a 1946, duk sun ji labarin Gajimare a matsayin iska mai siffar maciji, mai zama a rijiya, wanda yake miƙewa a sama ya zama bakan gizo. Ana yi masa laƙabi da Masharuwa, don an ɗauka shi ke shanye hadari. Yau kuwa idan na zo karanta hasashen yanayi na ce za a sami gajimare a sararin Garwa, babu mai sauraron da maciji yake faɗo masa a rai. Abin da ya rage na tsohon labarin shi ne maganar da yara suke yi in sun ga bakan gizo, cewa ya shanye ruwan.

Maƙwabtanmu ma haka suke. Masuntan Kwara da ake kira Sorko, waɗanda Hausa ta mayar Sarkawa, suna da Harakoy Dikko, uwargijiyar kogin. A Zabarmanci hari ruwa ne, koy kuma mai abu. A kudancin ƙasarmu, mutanen Sawa na bakin teku suna da jengu, kuma a bikin Ngondo na Duwala har yau mai nutso yana shiga kogin Wuri ya fito da saƙo. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, ba a faɗa wa Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya yi aikinsa. Ko'ina dai hanyar ɗaya ce: kalmar ruwa ta zama suna, sunan ya yi ƙarfi, in imanin ya yi sanyi kuma ya komo kalma ko ya zama sarauta.

Egir da matarsa Ran

A wurinmu wannan tafiya ta kalma sai dai mu bi sawunta ta baki, da ɗan abin da aka rubuta daga baya. Akwai inda aka rubuta ta daki-daki tun shekara 800 da suka wuce, har ana iya ganin kowane zango da ta yada. Wurin shi ne can ƙuryar arewacin Turai: Norwe, Suwidin, Denmak da tsibirin Aislan, ƙasashen da teku ne gonarsu, shi ne hanyarsu, sau da yawa kuma shi ne kabarinsu.

A tsohon harshensu, ɗaya daga kalmomin teku ita ce ægir, a furta ta kamar "egir". Masana da yawa suna danganta ta da tsohon tushen nan na ruwa wanda ya ba Latin aqua, wadda ta zama eau a Faransancin da muke ji a Garwa, ya kuma ba mutanen Suwidin da Denmak å, wato rafi. Kalmar ita ce sunan Egir, wani ƙato daga jinsin samudawan labarunsu, wanda teku yake hannunsa. An fi saninsa da karɓar baƙi: shi ke dafa giya a wata makekiyar tukunya ya tara alloli walima, zaurensa kuma da zinariya ake haskaka shi maimakon wuta. Shi ya sa mawaƙansu in za su ce zinariya sai su ce wutar Egir. Yana da wani sunan, Hler, kuma tsibirin Læsø da ke tsakanin Denmak da Suwidin, asalin sunansa "tsibirin Hler" ne.

Matarsa Ran ita ce fuskar teku mai ban tsoro. Tana da taru wanda take kama mutanen da suka faɗa ruwa. Kalmar rán a harshensu fashi take nufi, kuma har yau da ita ake kiran fashi a Aislan da Norwe da Suwidin. Ɗan jarida a Oslo da ke ba da labarin an yi wa banki fashi, ita yake furtawa. A ƙarni na 10, ruwa ya ci ɗan wani mawaƙin Aislan mai suna Egill Skallagrímsson, ya yi masa waƙar makoki yana ɗora laifin a kan Ran da mijinta, yana kukan ba shi da ƙarfin ɗaukar fansa a kan teku. Duk uban da ya taɓa tsayawa bakin Binuwai a watan Agusta yana jiran masu nutso su fito masa da yaro, ya san wannan kuka.

Egir da Ran suna da 'ya'ya mata 9, kusan kowace sunanta wani nau'in igiyar ruwa ne. Ɗayarsu ita ce Bylgja. A harshen Aislan na yau bylgja igiyar ruwa ce, kuma da ita suke kiran abin da yake ɗauko muryar rediyo ta cikin iska. Abin da muke ce wa gajeren zango, su "gajeriyar bylgja" suke cewa. Gidan rediyo mai zaman kansa na farko a ƙasar, wanda aka buɗe a 1986, Bylgjan ne sunansa. Dattawanmu na Najeriya da har yau suke tuna Rediyon Garwa a gajeren zango, da a Aislan suke, da sunan 'yar Egir za su riƙa kiran zangon da suke kamawa.

Shi kansa Egir bai ɓace ba. Suna ne da ake raɗa wa yara maza a Aislan. Jirgin tsaron gaɓar ƙasar da ya fara aiki a 1968 Ægir ne, kuma shi ne ya fara yanke wa jiragen kamun kifin Ingila taru a 1972, lokacin rikicin ƙasashen biyu kan iyakar kamun kifi. A 2015 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta raɗa wa wani tauraro suna Ran, duniyar da take kewaya shi kuma Egir. Akwai ma wani allan teku nasu, Niyord, wanda sunansa ya maƙale a garin Njarðvík na Aislan, da kuma a wata tsohuwar kalmarsu ta soson teku, wadda ma'anarta "safar hannun Niyord". Kusan shekara 1,000 ke nan da ƙasashen suka bar wannan bauta, amma sunayen suna ta aiki.

Mai gogewa da mai rubutawa

Yadda sunayen suka tsira shi ne darasin. Aislan ta karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000, bisa shawarar da aka yanke a majalisarsu. Bayan ƙarni guda, Jón Ögmundsson, wanda ya zama babban limamin coci a Hólar a 1106, ya ga bai dace Kirista ya riƙa kiran ranakun mako da sunayen tsofaffin alloli ba, ya hana. Ya kuwa yi nasara. Har yau mutumin Aislan "rana ta uku" yake ce wa Talata, Laraba "tsakiyar mako", Alhamis "rana ta biyar", Juma'a "ranar azumi", alhali a Denmak da Suwidin da Ingila sunayen Tir da Odin da Tor suna nan a kalanda. Mu ma ranakunmu lissafin Larabci ne, daga Lahadi zuwa Alhamis.

Bayan wani ƙarnin, wajen 1220, sai ga Snorri Sturluson, shi ma Kirista ne, babban mai faɗa a ji a ƙasar. Ya ga matasan mawaƙa sun fara kasa gane tsofaffin waƙoƙi, don ba su san wace ce Ran ba, balle dalilin da ya sa zinariya ta zama wutar Egir. Sai ya zauna ya rubuta littafin da ake kira Edda, ya jera labarun da sunayen, ya kuma gargaɗi mai karatu cewa bai halatta Kirista ya yi imani da waɗannan alloli ba. Ya raba sani da bauta. Kaso mai yawa na abin da duniya ta sani game da Egir da 'ya'yansa, daga alƙalaminsa ya fito.

Mu ma muna da irinsa. Malamin da ya tattara Tarihin Kano da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, wanda Palmer ya fassara a 1908, Musulmi ne mai rubuta tarihin sarakunan Musulmi. Amma bai tsallake Barbushe da Tsumburbura ba. Ya kuma kawo labarin Jakara, kurmi mai baƙin ruwa, inda mutanen Dala suke kai yankan baƙar dabba in masifa ta tunkaro. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa kasuwa a wannan yanki, ta gaji sunan kurmin. Ɗan kasuwar da yau yake cewa zai shiga Kurmi, sunan wancan dajin tsafi yake ambata, ba tare da ya taɓa imaninsa ba. Jakara kuwa ta zama magudanar ruwan birni. Da malamin nan ya ce abin jahiliyya ne ya ƙi rubutawa, da Kano ta rasa shafin farko na tarihinta.

Na tsaya a kan wannan ne don na san inda gizo yake saƙa a wurinmu. Sau da yawa in na zauna da tsohon masunci don shiri, hira tana tafiya lafiya har mu zo kan sunan wani gurbi mai zurfi, ko abin da iyayensa suke faɗa kafin su jefa taru. Nan sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaro, a bar tone-tone, mun musulunta." Ina girmama wannan tsoro, don daga kishin addini ya fito. Amma Alƙur'ani mai girma da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya ambaci gumakan mutanen Annabi Nuhu da sunayensu. Ibnul Kalbi, malamin Kufa na zamanin Abbasiyawa, littafi guda ya rubuta kan gumakan Larabawa. Faɗin abin da kakanni suka yi tarihi ne, kuma wanda ya san daga inda aka fito ya fi sanin darajar inda aka iso.

Uwar da aka yi wa linzami

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, kogin da ya haifi sunayen ya sauya a idon iyayenmu. A da, Garwa tashar jiragen ruwa ce. Cikin 'yan watannin da ruwa yake cika, jirage sukan hauro daga Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, kaya suka koma bin hanyar Duwala. Sannan daga 1977 zuwa 1982 Sinawa suka gina madatsar ruwa ta Lagdo, mai ƙarfin megawat 72, wadda ta ba arewacin Kamaru lantarki, ta kuma tara tafkin da ya jawo masunta daga nesa, Musgum da Kotoko da Hausawa da wasunsu.

Amfanin madatsar a bayyane yake, amma ta zo da farashi. Ambaliyar shekara-shekara da take jiƙa fadamun da ake dasa masakwa, wadda Fulani suke kira muskuwari, ta ragu. Cikar kogi ta koma hannun mai buɗe ƙofa. A 2012, da ruwan sama ya yi yawa aka saki ruwan Lagdo, ambaliya ta yi gyara a nan, ta gangara Yola da Makurɗi da Lokoja. A wannan shekara sama da mutum miliyan 2 ne ambaliya ta raba da muhallinsu a faɗin Najeriya. Aka sake ganin irin haka a 2022. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangaren Najeriya don ta tare ruwan, shekaru suka yi ta wucewa ba a gina ta ba. A bakin 'yan jaridar can, yanzu ba a cewa kogi ya kawo, sai a ce Kamaru ta saki Lagdo.

Akwai kuma ayu. Wannan dabba mai shayarwa, mai cin ciyawar ruwa, wadda masunta suka kewaye da camfi da tsoro, ta shiga littattafan Turai daga wannan kogi ma: Eduard Vogel, abokin tafiyar Barth, ya aika bayaninta daga Binuwai da sunanta na Hausa, har a 1856 aka raɗa mata sunan kimiyya da sunansa, kafin a gane irin ta sauran kogunan Afirka ta Yamma ce. Ana samunta har tafkin Lere na ƙasar Cadi, a kan Mayo Kebbi, amma farauta da taru da madatsu sun rage ta ƙwarai. Yaron Garwa na yau ya san dorina, don yana ganinta kusa da gada. Ayu kuwa ya fi jin sunanta a bakin masu tallar magani.

Sunan Binuwai kansa ba ya cikin haɗari, ya riga ya hau taswira da hatimin gwamnati. Waɗanda suke cikin haɗari su ne ƙananan: sunan kowane gurbi da mashaya da tsibiri da fadama, da Batanci da Falanci da Fulatanci da Hausa, waɗanda babu su a kowace takarda. Wasu suna ƙarƙashin tafkin Lagdo tun 1982. Waɗannan sunaye ilimi ne mai amfani. Wurin da aka ce na 'yan ruwa ne, sau da yawa wuri ne mai zurfi ko mai juyi, wanda ya taɓa cin mutane. Fadamar da sunanta ya nuna ruwa yana kwana a cikinta, gargaɗi ce ga wanda zai sayi fili ya yi gini a rani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shawarata ga mai karatu ƙarama ce. In kana da tsoho a gida wanda ya yi su, ko ya yi fito, ko ya yi noman fadama, zauna da shi ka kunna rikodar wayarka. Tambaye shi sunan kowane wuri daga mashayar garinku zuwa ta gaba, da harshen da sunan ya fito, da dalilin da aka sa shi, da abin da ake hana yara yi a wurin. Ka rubuta yadda ya faɗa, kada ka gyara masa. Malaman makaranta suna iya ba ɗalibai wannan aiki a hutun damina, mu kuma masu rediyo mu buɗe masa fili a shirye-shiryenmu. Batawan Demsa da na ƙauyukan bakin Faro suna nan da harshensu, kuma su ne suka fi cancanta a fara tambaya, tun da kalmarsu muke aro kullum.

Allah ya jiƙan magabata, ya kiyaye mu daga sharrin ruwa, ya ba mu alherinsa.